Abin da Ke Sa Baka Dukan Hannu Bayan Sauya Tsarkiya

Mai baka a Kwaciri ko wata unguwar Fagge kan ɗaura sabuwar tsarkiya, ya saki kibiya, sai ya ji bakan ya yi ƙara, ya girgiza har gwiwar hannu. Yawanci laifin yana ga tazarar da ke tsakanin tsarkiya da mariƙi. Sabuwar tsarkiya, musamman ta fata, tana miƙewa a kwanakin farko, sai tazarar ta ragu. Maharban Ingila masu dogon baka suna auna ta da dunƙulen hannu da babban yatsa a tsaye, wajen inci 6. In ta gaza, a cire tsarkiya, a ƙara murɗa ta kaɗan, a mayar, a gwada har ƙarar ta lafa. Sai a duba kibiya: in ta yi sauƙi ainun, ba ta kwashe ƙarfin bakan, ragowar sai ya koma hannu.

Wani zai ce ai icen ne ya mutu. Hakan na faruwa, domin hunturun Kano yana busar da ice har ya tsage. Amma bakan da yake lafiya jiya, ya fara duka yau bayan sauya tsarkiya, abin da aka sauya shi ya kamata a fara tuhuma. In an ga tsaga, a ajiye bakan. Kuma kada a kuskura a saki tsarkiya babu kibiya, don hakan na karya baka, ya raunata mai shi.