3.2 Zanen Barkwancin David Low da Gazawar Sasanci Kafin Yaƙin Duniya na Biyu

A wannan sashe za a yi ƙoƙarin nazarin zane-zanen David Low, haifaffen ƙasar New Zealand, wanda ya yi aiki da jaridar Evening Standard ta birnin Landan daga 1927. Abin da za a fito da shi a nan shi ne, zambon Low bai tsaya a kan masu mamayar ƙasashe kaɗai ba, har ma ya fi kaifi a kan shugabannin da suka zura musu ido.

Misali na farko shi ne zanen da ya fito a watan Janairu na 1933, bayan Japan ta mamaye yankin Manchuriya na ƙasar Sin a 1931. A ciki an nuna Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, wadda ta gabaci Majalisar Ɗinkin Duniya, a siffar mace kwance a bakin ƙofa kamar tabarmar goge ƙafa, sojan Japan yana taka ta. A gefe kuma ministan harkokin wajen Ingila, John Simon, ya durƙusa yana shafa mata hoda. Manufar ita ce, Ingila ta fi damuwa da rufin asiri a kan hana zalunci.

Misali na biyu ya fito a watan Yuli na 1936, bayan Italiya ta ci Habasha da yaƙi, Hitila kuma ya shigar da sojojinsa yankin Rhineland. A nan an zana Hitila yana tafiya a kan gadon bayan shugabannin dimokuraɗiyya, waɗanda suka sunkuya suka zame masa matakala. Wato dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗannan zane-zane sun yi tasiri ƙwarai, domin a 1937 ministan farfagandar Jamus, Goebbels, ya kai ƙarar Low wurin Lord Halifax, shi kuwa da ya koma gida ya roƙi Low da ya sassauta. Idan aka lura, wannan roƙo shi kansa misali ne na lallashin da Low yake suka. Ɓarkewar yaƙi a watan Satumba na 1939 ta tabbatar da cewa lallashin bai haifar da ɗa mai ido ba.