ƘUDUJI DA WAKE A AREWACIN KANO: BAYANI A KAN ILMIN GADON HALITTA

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin gado. Shi ne ya ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma tun kafin a kafa wata makarantar aikin gona manomi yake ware zangarniyar da ta fi cika ya adana ta don iri. Abin da masana kimiyya suka ƙara shi ne gano inda gadon yake zaune a jikin mai rai, da kuma yadda yake sauyawa daga zuriya zuwa zuriya. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wannan ilmi ta hanyar wata ciyawa wadda kowane manomi a ƙasar Bichi da Ɗambatta da Minjibir ya sani, watau ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta.

Da yake ba a gama daidaita kalmomin wannan fanni cikin Hausa ba, ya kamata mu faɗi waɗanda za mu yi aiki da su. Jikin kowane mai rai, tsiro ne ko dabba, an gina shi ne da ƙananan tantani waɗanda ido ba ya gani, kuma a cikin kowane tantani akwai wani dogon zare wanda masana ke taƙaita sunansa da DNA. Mu za mu kira shi zaren gado. Zaren nan yana ɗauke da rubutu na haruffa huɗu kacal waɗanda ake ta maimaitawa, kuma yana naɗe dami-dami: wake yana da dami 22, dawa 20, gero 14, ɗan Adam kuwa 46. Yankin zaren da ke ba da umarnin wani aiki guda, kamar launin ƙwayar wake, shi za mu kira ƙwayar gado. Jimlar rubutun duka kuwa, kundin gado.

Ƙasar da ba ta hutawa

A shekarar 1965 Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello suka fitar da rahoto a kan ƙasa da jama'ar da ke kewaye da birnin Kano. Binciken Mortimore ya nuna cewa a wannan yanki fiye da kashi 80 cikin ɗari na ƙasa ana nome ta kowace damina, ba a barin saura. A lokacin, abin da ke riƙe gona shi ne takin dabbobi da sharar birni da ake ɗaukowa a kan jakuna, da kuma haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fage ɗaya. Wannan tsari ya ciyar da ɗimbin jama'a shekaru aru-aru. Amma kuma shi ne ya shimfiɗa wa ƙuduji tabarma, domin kowace shekara yana samun abin da zai ɗafe wa a gurbi ɗaya.

Ƙuduji iri biyu ne suka dame mu a nan. Akwai na hatsi, mai tsawo da kyakkyawan fure ja-ja, wanda masana ke kira Striga hermonthica. Akwai kuma na wake, gajere mai ƙananan ganye kamar ɓawo, shi ne Striga gesnerioides. Irinsu kamar ƙura yake don ƙanƙanta, tushe ɗaya yakan zubar da dubun-dubatarsa, kuma yakan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara goma yana jira. Ba ya tsirowa don an yi ruwa kawai, sai ya ji ƙanshin wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. In ya tsiro bai sami saiwar da zai kama ba cikin 'yan kwanaki sai ya mutu, domin ba shi da guzuri. In kuwa ya kama, sai ya huda saiwar ya shiga tsotson ruwa da abinci har makonni yana ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa kafin manomi ya ga fure ɓarna ta riga ta yi nisa.

Don me shuka ke tona wa kanta asiri?

Mai karatu zai iya tambaya: in sinadarin nan ne ke kiran maƙiyi, me ya hana shuka ta daina fitar da shi? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana. A 1966 aka fara tace sinadarin daga saiwar auduga a Amurka, aka sa masa suna sitirigol, daga sunan ƙudujin kansa. Amma sai a 2005 Kohki Akiyama da abokan aikinsa a ƙasar Japan suka gano ainihin amfaninsa. Ashe akwai wata fumfuna ta cikin ƙasa, mai siraran zaruruwa, wadda ke ƙulla abota da saiwar shuka. Tana jawo wa shukar sinadarin fosfaras, wanda manomi ya sani a takin supa, ita kuma shukar tana ba ta sukari. Sinadarin da saiwa ke fitarwa kiran wannan abokiya ne. A 2008 kuma aka ƙara gano cewa shuka tana amfani da shi a cikin jikinta don tsai da yawan rassan da za ta yi. Ke nan ba yadda za ta rabu da shi gaba ɗaya. Ƙuduji ɗan laɓe ne kawai, yana sauraron sallamar da ake yi wa wani sai ya riga shi amsawa.

A nan ne ilmin ɗakin bincike ya gaskata abin da manoma suka daɗe suna faɗa, cewa ƙuduji alama ce ta gona ta gaji. An auna an ga cewa in ƙasa ta rasa fosfaras, shuka takan ƙara yawan sinadarin da take fitarwa, kamar mai jin yunwa da ke ɗaga murya. Gwargwadon ƙarar kiran, gwargwadon ƙudujin da zai farka. Saboda haka gonar da ke kusa da gida, wadda ke shan taki, takan fi ta nesa sauƙin wannan annoba. Har ila yau, auduga da waken soya suna tsirar da ƙudujin hatsi amma ba ya iya kama saiwarsu, sai ya mutu a banza; wannan ita ce hikimar sa su cikin juyin shuka.

Yaya ƙuduji ya sami wannan kunne? Bincike uku da aka buga a 2015 sun ba da amsa mai ban mamaki. Tsirrai da yawa suna da wata ƙwayar gado wadda ke sa irinsu ya ji wani sinadari na cikin hayaƙi, ya tsiro bayan gobarar daji ta share fili. A dangin ƙuduji wannan ƙwaya ta ninku sau da yawa a tsawon zamani, har kwafinta ya haura goma, kuma wasu daga cikin kwafin suka sauya suka koma jin sinadarin saiwa. Wannan ita ce sauyawar halitta a sauƙaƙe. Wajen kwafar zaren gado akan sami ɗan kuskure ko ninki. In kuskuren ya amfani mai shi, sai ya fi 'yan'uwansa barin zuriya, har a wayi gari halin ya game dangin.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban al'ajabi. A 2010 Satoko Yoshida da Ken Shirasu da abokan aikinsu suka tarar da wata ƙwayar gado a jikin ƙudujin hatsi wadda babu irinta a tsirran da ya fi kusanci da su, amma tana kama ƙwarai da wata ta dawa. Abin da suka fahimta shi ne ta ƙetaro ne ta wurin da saiwoyin biyu suka haɗe, ta zauna, ƙuduji ya ci gaba da gadar wa 'ya'yansa ita. Mun saba gado daga iyaye yake gangarowa. Ga shi nan ɓarawo ya gaji wanda ya yi wa sata.

Wake daga Botsuwana zuwa Minjibir

Wake ɗan asalin Afirka ne. An tono burbushinsa a tsakiyar ƙasar Gana wanda ya haura shekara 3,500, kuma Nijeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen nomansa. Irin gida da aka saba da su a Kano, kamar ɗan ila da kanannado, suna da halaye masu kyau waɗanda manoma suka zaɓa tun kaka da kakanni. Kanannado, alal misali, ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, don haka yakan yi yaɗo sosai ya ba da harawa mai yawa. Sai dai ƙudujin wake yana cin su.

Magani ya fito ne daga inda ba a zata ba. A cikin waken da aka tattaro daga Botsuwana, can kudancin Afirka, an sami wani mai lamba B301, ƙananan ƙwaya gare shi, ba wanda zai kalle shi a kasuwar Dawanau, amma ƙuduji ba ya iya zama a saiwarsa. B. B. Singh na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasa da Ƙasa, watau IITA, da A. M. Emechebe suka aurar da shi ga waken da ƙuduji ke ci, suka lura da zuriyar. 'Ya'yan farko duk suka fito da kariya. A jikoki kuwa, cikin kowane huɗu wajen uku ke da kariya, ɗaya ba shi da ita. Wannan lissafi na uku da ɗaya shi ne wanda Gregor Mendel ya bayyana a 1865 daga gwajin da ya yi da wani ɗan wake na ƙasar Turai, kuma ma'anarsa ita ce ƙwayar gado guda ce mai rinjaye ke riƙe da halin. Sakamakon ya fito a 1990. Hali irin wannan yana da sauƙin ɗauka daga iri zuwa iri, saboda haka aka yi ta aure da zaɓe a tashar IITA ta Kano da gonar gwajinta da ke Minjibir, har aka sami farin wake mai lamba IT97K-499-35. Harafin K da ke cikin lambar Kano yake nufi, 97 kuwa shekara ce. An fitar wa manoma shi a 2008 da sunan SAMPEA 10.

Abin da ya kamata ɗalibi ɗan Kano ya sani, kuma kaɗan ne suka sani, shi ne lokacin da masana suka karanta kundin gadon wake suka buga a 2019, wannan iri na Kano suka ɗauka. Sun ƙiyasta haruffansa sun haura miliyan 600, da ƙwayoyin gado kusan 30,000. Shi ya zama ma'aunin da masu binciken wake a ƙasashe da dama ke gwada nasu irin da shi.

Ita kuwa ƙwayar gadon da ke ba B301 kariya, Jianxiong Li da Michael Timko na Jami'ar Bajiniya ne suka ware ta a 2009. Sun ga 'yar dangin ƙwayoyin da tsirrai ke yaƙar bakteriya da fumfuna mai cuta da su ce. Aikinta gadi ne. Da zarar ta gane ƙuduji ya huda saiwa, sai ta sa tantanin da ke wurin su mutu, baƙon ya rasa abin tsotso ya bushe.

Ƙuduji ma ba ya barci

To, sai dai maigadi wanda ya gane kaɗai yake kamawa. Ƙudujin wake ba iri ɗaya ba ne a Afirka ta Yamma: binciken da aka buga a 2006 ya raba shi gida bakwai, kuma wanda ya fi yawa a arewacin Nijeriya da Nijar shi ne mai lamba SG3. Dalilin wannan rarrabuwa shi ne furensa yakan yi wa kansa barbara, don haka kowane gida yana riƙe halinsa. Tun a shekarun 1990 aka tarar da wani gida a Zakpota, kudancin Jamhuriyar Benin, wanda ke cin B301 hankali kwance. A 2020 aka bayyana dabararsa: yana tura wani sinadari cikin saiwar wake wanda ke rufe bakin maigadin kafin ya yi kururuwa.

Na hatsi ya fi wuyar sha'ani. Shi sai ƙwari sun kai masa barbara daga wani tushe, saboda haka a gona ɗaya ma kowane tushe da ɗan bambancin gadonsa. In aka shuka dawa mai kariya iri ɗaya shekara da shekaru, 'yan kaɗan da suka iya cin ta su ne za su zubar da iri, kuma kullum rabonsu ƙaruwa zai yi. Gebisa Ejeta, ɗan ƙasar Habasha da ke Jami'ar Purdue, wanda ya sami lambar yabo ta abinci ta duniya a 2009, ya bi wata hanya dabam. Dawa mai lamba SRN39 ba faɗa take yi ba, sauya muryar kiranta ta yi. A 2017 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa lalacewar ƙwayar gado guda ce ta sa saiwarta ke fitar da wani nau'in sinadarin wanda ƙuduji ba ya jin sa sosai.

A ganinmu, kuskure ne babba a ɗauka cewa sabon iri zai sallami tsohon aiki, kamar yadda kuskure ne a watsar da ɗan ila da kanannado don an sami SAMPEA 10. B301 kansa irin gida ne na wasu manoma, kuma da sun yar da shi saboda ƙanƙantar ƙwayarsa da ba a sami abin da aka ceci waken Kano da shi ba. IITA tana ajiye da nau'in wake fiye da 15,000 a rumbunta na Ibadan saboda irin wannan rana. A gona kuwa, tushen ƙuduji ɗaya da ya tsira a cikin wake mai kariya ya fi dubu da ke cikin ɗan ila hatsari, domin mai yiwuwa shi ne wanda ya gano hanyar wuce maigadi. Irin wannan tushe ya kamata a tuge shi kafin ya yi fure, a fitar da shi daga gona a ƙone, a kuma sanar da malamin gona sunan ƙauyen da irin waken da aka gan shi a ciki.