Ko Ka San Abin da Ya Sa Ake Sauya Allon Akalar Tsohon Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska?

Ko ka san cewa ƙaramin jirgin ruwan da iska ke turawa yana da fiffike a ƙarƙashin ruwa? Wanda ya tsaya a gaɓa ba abin da zai gani sai ƙyallen da ke kama iska, da mutum zaune a baya riƙe da sanda. Amma sandar nan tana haɗe da wani allo da ya nutse a bayan jirgin, kuma shi ne akalar tafiyar baki ɗaya. A Amurka da Turai an ƙera dubban irin waɗannan jirage da faiba a shekarun 1960 da 1970, da yawansu kuma har yau suna kan ruwa. Catalina 22, wanda Frank Butler ya fito da shi a Kalifoniya a 1969, an ƙera fiye da 15,000. Com-Pac 16 na jihar Fulorida, zanen Clark Mills, ya daɗe yana fitowa daga masana'anta da allon akala wanda falle ne kawai na alminiyam, shimfiɗaɗɗe kamar faranti. Masu irin waɗannan jirage kan kai ga tambaya ɗaya: a bar tsohon allon ko a sauya shi? Abin da hujja ta fi goyon baya shi ne sauyin yana da amfani, sai dai amfanin daga siffar allon yake fitowa, ba daga girmansa ko sabuntarsa ba. Wanda bai gane haka ba, kuɗinsa zai zuba a ruwa.

Mutane da yawa sun ɗauka tare ruwa allon yake yi, kamar yadda mai kwale-kwale a Yawuri kan kafa filafilinsa a gefe ɗaya don hancin jirgin ya juya. Wannan ma tuƙi ne, amma tuƙi ne da birki, kowane juyi sai ya ci gudu. Allon akala mai kyau ba haka yake aiki ba. Idan aka ɗan karkata shi, ruwan da ke wucewa ta gefensa biyu yakan lanƙwasa ya bi jikinsa, matsin ruwa ya ragu a ɓangare ɗaya ya ƙaru a ɗayan, sai bambancin ya tura bayan jirgin gefe. Da wannan ƙa'idar fiffiken jirgin sama ke ɗaga shi, illa dai shi a kwance yake, wannan kuwa a tsaye. Da yake ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, allon da bai kai ƙyauren taga ba ya isa ya juya jirgi da mutanen cikinsa. Sharaɗin ɗaya ne, dole ruwan ya ci gaba da manne wa jikin allon. Da zarar karkatar ta wuce kima, ruwan yakan ɓalle daga bayansa ya zama guguwa, turin gefe ya faɗi, turjiya ta hau, matuƙi yana jan sanda iya ƙarfinsa jirgin kuwa ya yi kunnen uwar shegu.

A nan ne fallen ƙarfe ke gazawa. Bakinsa na gaba siriri ne mai kusurwa, ruwa kuwa ba ya iya shan kwana mai kaifi haka, don haka yakan saki allon tun karkatar ba ta yi nisa ba. Allon da aka sassaƙa kamar kifi idan an dube shi daga sama, kai mai kauri a dunƙule, jiki yana sirancewa har wutsiya, yakan riƙe ruwan har wajen digiri 12 zuwa 15. Siffar da aka fi ɗauka don wannan aiki ma ba don ruwa aka zana ta ba. Hukumar NACA ta Amurka, wadda aka kafa a 1915 kuma ta rikiɗe ta zama NASA a 1958, ta wallafa jerin siffofin fukafukan jirgin sama a 1933. Ɗaya daga cikinsu, mai lamba 0012, gefenta biyu iri ɗaya ne, kaurinta kashi 12 cikin 100 na faɗinta, kuma wurin da ta fi kauri yana kusan kashi 30 cikin 100 daga gaba. Allon da faɗinsa ya kai santimita 30 ke nan zai yi kaurin santimita 3.6. Wanda bai sani ba zai ce ai wannan ya fi falle jan ruwa. Idan jirgi na tafiya sak allon yana miƙe, kusan kunnen doki suke. Amma jirgin iska ba safai yake tafiya allonsa a miƙe ba, a karkace kuwa mai kaurin ne ke ba da turi mai yawa da turjiya kaɗan.

Mai ja zai ce, jirgi mai tsawon ƙafa 16 da ƙyar yake wuce kilomita 9 ko 10 a awa, me ya haɗa shi da lissafin injiniyoyin jirgin sama? To, rashin gudun shi ne ma dalilin. Ƙarfin da allon ke samu daga ruwa yana bin gudu ninki kan ninki: idan gudu ya ragu da rabi, turin kashi ɗaya cikin huɗu ne zai rage. Lokacin da matuƙi ya fi bukatar akala kuwa shi ne lokacin da gudu ya fi ƙaranci, wato sa'ad da zai juya hancin jirgi ya ratsa ta cikin iska, ko zai shiga matsattsen mashigi. Mai fallen ƙarfe, da ya ji jirgin ba ya amsawa, sai ya ƙara jan sanda, ruwa ya ɓalle, ɗan gudun da ya rage ya mutu, jirgin ya tsaya cak hancinsa a iska ƙyalle na kaɗawa. Ga kuma batun nauyin sanda a hannu. Cibiyar turin ruwa tana wajen rubu'in faɗin allon daga gaba, saboda haka idan aka bar ɗan yanki na allon, kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, ya shige gaban layin da yake juyawa a kai, ruwan da kansa zai taya matuƙi. Allon da ake ɗagawa a ruwa marar zurfi kuwa, idan ramin notinsa ya ci ya fara zamewa baya ko da kaɗan ne, sandar takan yi nauyin da zai gajiyar da damtse. Wannan ciwon sau da yawa igiya da noti ne maganinsa, ba sabon allo ba.

Akwai ja na biyu da ya fi wancan ƙarfi, kuma gaskiya ne. Jirgin da ke ta ƙoƙarin juya kansa ya fuskanci iska, har sai matuƙi ya riƙa tankware sanda, galibi laifin a sama yake: ƙyallen ya tsufa ya yi tumbi, ko ya yi wa iskar ranar yawa har jirgin ya kwanta sosai, ko turken da ke riƙe da ƙyallen ya jingina baya fiye da kima. Masu zanen jirage suna son a sami ɗan wannan hali, kamar digiri 3 zuwa 5 na karkatar allo, domin idan mutum ya saki sanda jirgin zai juya cikin iska ya tsaya maimakon ya zarce da gudu. Abin da ya wuce haka alama ce ta rashin daidaito, kuma sabon allo mai ƙarfin riƙo rufe alamar kawai zai yi. Wanda ya rage ƙyalle ya daidaita turke, sannan ya ga har yanzu akalar na kuɓucewa, shi ne ya tabbatar allon ne mai laifi.

Ba kuma kowane sabo ne ya fi tsoho ba. A tseren Fastnet na 1979, tsakanin Ingila da gaɓar Ailan, jirage 303 suka tashi, hadari ya rutsa da su, mutum 15 daga cikin masu tseren suka rasu, kuma cikin abubuwan da suka fi karyewa har da allunan akala na zaren kabon, wanda a lokacin shi ne sabon yayi. Waɗancan manyan jirage ne a teku, amma lissafin bai canza ba. Allon da ya fi riƙe ruwa, ko ya fi zurfi, ya fi ɗora nauyi a kan hinjinsa da bangon bayan jirgi, bangon da watakila katakon cikinsa ya shekara arba'in yana shan laima. Shi ya sa ƙara girma shi ne mafi raunin dabaru: turjiya ta ƙaru, nauyi ya ƙaru, matsalar bakin gaba tana nan. Fallen alminiyam ma yana da ranarsa, don idan ya daki dutse guduma ta ishe shi. Mai shiga gasar da aka ƙayyade kowa da jirgi iri ɗaya kuwa, doka ma tana iya hana shi sauyin.

Inda ba a ja shi ne allon da ya ruɓe daga ciki. Da yawan allunan shekarun 1960 da 1970 fata biyu ce ta faiba, da busasshen kumfa da ƙarfe a tsakiya. Ruwa kan shiga ta mahaɗa, a ƙasashen sanyi ya daskare ya tsaga ta, kuma ko ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa yakan cinye a wurin da iska ba ta kai masa. Daga waje ba a gani. Idan ka sami irin wannan jirgi a tudu, ɗaure sandar tam ka girgiza allon da hannu, ka ƙwanƙwasa jikinsa da ƙotar sukundireba. Idan ya motsa alhali sanda na tsaye, ko sautin ya fito a dushe, ko ka ga jan ruwa na tsattsafowa daga ƙasansa, kada jirgin ya koma ruwa da shi.