Babur ɗin jeji a kan kwalta: abin dubawa kafin saye, abin gyarawa kafin hawa

Duk wanda ya taso a karkarar Arewa, ko a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, ya san dogon babur ɗin nan da malaman gona da ma'aikatan lafiya ke ratsa yashi da laka da shi. Tayarsa mai manyan haƙora ce, kujerarsa a sama, cikinsa ya yi nesa da ƙasa. Yamaha DT 125 da AG 200 da Honda XL su ne aka fi sani. Waɗannan tun daga masana'anta an yi su ne domin jeji da gari gaba ɗaya, hanyar da Yamaha ta share da DT-1 a 1968. Amma suna da 'yan'uwa da aka ƙera domin filin tsere kaɗai, kuma akan tsinci irinsu cikin kayan hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka. A ido kusan duk ɗaya suke. Wanda bai san bambancin ba yana iya zuba kuɗinsa a kan na tseren, yana murnar ya samu ƙarfi da araha, daga baya ya tarar abin da ya saya ba ya shiri da kwalta.

Baburan nan gida uku ne. Na farko baburan motokuros, irin su Honda CRF450R da Yamaha YZ250 da jerin SX na kamfanin KTM. Ba fitila, ba makulli, ba madubi, ko ƙarfen jingina shi babu. Mai girman inji 450 a cikinsu nauyinsa bai wuce kimanin kilo 110 ba, ƙarfinsa kuwa ya haura na doki 50, alhali Boxer da 'yan acaɓa ke hawa ko 15 bai kai ba. Tankinsa lita 6 ko 7 ne, baƙin man injinsa kimanin lita ɗaya. Littafin da ke zuwa da shi da awa yake ƙirga lokacin juyen mai da lokacin canza fistin, ba da kilomita ba. Dokin sukuwa ne: ya yi gudu na ɗan lokaci, a mayar da shi turke a yi ta hidimarsa. Gida na biyu su ne na enduro, wato na doguwar tafiyar daji, kamar KTM EXC da Yamaha WR. Suna zuwa da fitila, giyoyinsu sun fi tazara tsakaninsu, kuma wasunsu an yi musu rajistar hawa titi tun a ƙasar da suka fito. Na uku su ne masu hanya biyu, irin Suzuki DR-Z400S da ya fito a 2000, da Honda XR650L da ake yi tun 1993, da ƙaramin XR150L. Sun fi nauyi, ba su kai sauran zafin nama ba, amma suna cin dubban kilomita tsakanin juye da juye.

A ganina, mai son babur na zuwa aiki da kasuwa da ziyarar ƙauye ya nemi gida na uku, in bai samu ba ya koma na biyu. Na farko ya bar wa mai filin wasa. Ba wai ba a iya mayar da shi na titi ba ne, ana yi. Sai dai kuɗin da za a kashe da wahalar da za a sha bayan an gama sun fi ƙarfin sauƙin da aka gani ranar ciniki. Araha ba ta ado.

Kafin a taɓa inji, a fara da takarda. A ƙasashen da aka fi yin wannan gyara, a nan ne akasarin mutane ke maƙalewa. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma Kalifoniya ta daɗe da rufe ƙofar ba wa babur lambar titi idan kamfanin da ya ƙera shi bai yi shi domin titi ba. A Birtaniya sai an yi rajista an kuma ci gwajin lafiyar abin hawa. A Nijeriya abin da ake nema shi ne takardar kwastan, da rasit ɗin saye, da rajista a ofishin lasisi na jiha, da inshora. Lambar da aka buga a wuyan ƙarfen babur, daidai inda kai ke juyawa, dole ta yi daidai da wadda ke takarda harafi da harafi. Idan an goge wurin, ko an yi masa walda, ko an sake buga lambar a karkace, ciniki ya mutu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankinmu, inda babur ya shiga cikin sha'anin tsaro. Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013, jihar Diffa ta hana zirga-zirgar babura a 2015, Tillaberi ta bi sahu a farkon 2020. Dogon babur marar lamba marar takarda, a shingen bincike, jawo wa kai magana ne. Mai saye ya fara tambayar dokar da ke aiki a garinsa da hanyoyin da zai riƙa bi.

Ranar dubawa a je da bakanike, kuma a roƙi mai babur kada ya tayar da shi kafin a iso. Dillali zai ce, "Alhaji, kik ɗaya yake tashi." A sa hannu a kan injin tukuna. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi, kuma injin da ya ɗumama yana ɓoye laifi. Mai bugu huɗu da ke wahalar tashi da sanyi, sau da yawa bawul ɗinsa ne suka matse, alamar sun cinye mazauninsu. Idan ya tashi a saurari kansa, a kalli hayaƙi: shuɗi a mai bugu huɗu yana nufin yana cin baƙin mai. A zare ma'aunin mai ko a kwance murfin. Man da ya koma kalar shayi da madara ruwan lagireto ne ya shiga cikinsa.

Akwai wurin da na fi yarda da shaidarsa, wato akwatin matatar iska. A cire kujera, a zare soson, a zura yatsa cikin bututun robar da ke kaiwa ga kabureta. Idan yatsa ya fito da tsabta, mai babur ya kula da shi. Idan ya fito da garin ƙasa, to injin ya daɗe yana shaƙar yashi, kuma yashi ya riga ya ci ringi da bangon silinda, ko da fenti na sheƙi. Irin waɗannan babura yawanci ba su da agogon kilomita, saboda haka jikinsu ne ke faɗin shekarunsu: haƙoran matakin ƙafa da suka dakushe, gefen ƙarfen jiki da takalmi ya goge har ya yi fari, ƙasan ciki da duwatsu suka lotsa. A ɗaga babur a girgiza kowace ƙafa hagu da dama a ji ko boris ya saki. A bi sifok ɗaya bayan ɗaya da sifana, mai lafiya yana amo, sakakke yana ƙara a dushe. A duba sandunan gaba ko mai na tsatsowa. Faifan haƙoran da sarƙa ke bi, idan haƙoransa sun lanƙwashe sun yi tsini, shi da sarƙar da ƙaramin na gaba duk canji ne a tare.

Idan an saya, aikin farko wuta ne, kuma shi ya fi cin rai. Titi na bukatar fitilar gaba mai sama da ƙasa, da jar fitilar baya, da fitilar birki, da sigina, da oda, da madubi, da mazaunin lamba. Kwayil ɗin babur ɗin tsere yawanci an naɗa shi ne ya ba fulogi wuta kawai, ko ya ɗan kunna ƙwai ɗaya, kuma wutar da yake bayarwa tana hawa da sauka tare da juyin inji. Shi ya sa za ka ga an ɗaura fitila tana haske in an murɗa mai, tana dushewa in an tsaya a mahaɗa, daidai lokacin da ake bukatar a gan ka. Maganinsa a sake naɗa kwayil ko a sa wanda ya fi ƙarfi, a haɗa masa na'urar da ke daidaita wuta ta mai da ita irin ta batir, a sa ƙaramin batir da fis. Ƙwayayen LED sun sauƙaƙa wannan aiki ƙwarai domin wutar da suke ci kaɗan ce. Fitilar birki kuma ta kama ko da hannu aka matsa ko da ƙafa aka taka. Kada a yarda mai wayarin ya murɗe wayoyi ya naɗe da leda. Babur mai silinda ɗaya girgiza gare shi, kuma haɗin da ba a ɗaure da kyau ba cikin mako yake saki.

Sai taya. Manyan haƙoran nan an yi su ne su nutse cikin ƙasa su kama. A kan kwalta ba abin da za su nutse ciki, sai su riƙa lanƙwasa, roba kaɗan ce ke taɓa ƙasa, ga saurin cinyewa, ga santsi in an yi ruwa. A nan ne masu gyara suka rabu biyu. Wasu na cire ƙafafun asali, inci 21 a gaba da 18 ko 19 a baya, su sa na inci 17 gaba da baya da faffaɗar tayar titi. Wannan salo sunansa sufamoto. Asalinsa gasar Superbikers ce da Gavin Trippe ya ƙirƙira, tashar ABC ta Amurka ta fara nunawa a 1979, inda ake haɗa kwalta da ƙasa a fili ɗaya. Da aka daina ta a 1985 Faransawa suka ɗauka suka raya, har kamfanoni suka fara fitar da irinsa kai tsaye, kamar DR-Z400SM na Suzuki a 2005. Mai bin wannan hanya yakan ƙara girman faifan birkin gaba zuwa milimita 320, tunda tayar titi na iya ɗaukar birki mai ƙarfi.

Salon yana da kyau a titi mai sumul. Amma a tuna irin titin da za a hau. Inda iska ke kwaso yashi ta shimfiɗa a gefen kwalta, inda damina ke buɗe ramuka, inda kwalta ke ƙarewa a bakin unguwa a shiga lungu, babbar ƙafar nan ta inci 21 ita ce dukiyar babur ɗin. Tana hawa kan rami maimakon ta faɗa ciki, tana kuma riƙe hanya a yashi. Da ni za a tambaya, a bar ƙafafun yadda suke, a sa taya mai rabi da rabi wadda aka amince da ita a titi, a ƙara mata iska fiye da yadda ake sa wa a jeji. A kuma kai ƙafafun a daidaita nauyinsu, domin ƙarfen da ke danne taya a jikin rim yana sa gaba rawa idan gudu ya yi nisa.

Giyar babur ɗin jeji gajera ce, an yi ta domin fizga. A doguwar hanya injin zai yi ta kuka alhali tafiyar ba ta kai kukan ba. Ana gyara wannan da faifan haƙora: a ƙara haƙori ɗaya a na gaba, daidai yake da rage kimanin uku a na baya. Wanda ya koma inci 17 ya fi bukatar haka, domin ƙaramar ƙafa ta ƙara gajarta masa giya. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Baburan titi, har da na acaɓa, suna da robobi a cikin cibiyar ƙafar baya da ke shanye bugun inji. Na jeji yawanci ba su da su, domin ƙasa ce ke zamewa ta shanye bugun. A kwalta taya ba ta zamewa, sai bugun ya koma kan sarƙa da giya. Idan ana samun cibiya mai roba ta irin babur ɗin, kuɗinta bai tafi a banza ba.

Zafi ma abin lissafi ne. Na tsere masu lagireto yawanci ba su da fanka, iskar gudu ce ke sanyaya su. A cunkoson rana a watan Afrilu ruwansu tafasa yake yi, don haka a ɗaura ƙaramar fanka. Mai bugu biyu kuwa, idan irin wanda ake haɗa masa mai da fetur a tanki ne, sakin mai gaba ɗaya a doguwar gangara yana hana fistin man da ke jiƙa shi. DT ya tsira daga wannan saboda famfon mai da yake da shi, muddin ba a cire famfon ba.

Salansa ita ce abin da samari ke fara canzawa, kuma ita ce ya kamata a bari. Buɗe ta ba tare da an daidaita kabureta ba yana sa inji ya sha iska fiye da fetur, ya yi zafi ya ƙona bawul, ga hana maƙwabta barci. Kuɗin ya fi amfani a hular kwano mai rufe haɓa (hukumar kiyaye haɗurra ta Nijeriya ta fara tilasta wa masu babur sanya hular kwano a Janairun 2009), da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. A ƙara da makulli da sarƙar ɗauri mai kauri, tunda babur ɗin da ke tashi ba makulli kowa ma zai iya tayar da shi.

Kafin a biya kuɗi, a rubuta sunan babur da shekararsa a shiga kasuwar kayan gyara, a tambayi ringi da fistin da takalmin birki da matatar mai. Idan masu shago uku sun ce sai an yi oda daga waje, a san cewa ƙaramar matsala za ta iya ajiye shi wata guda a zaure. Idan akwai, a sayi soson matatar iska guda biyu tun ranar, ɗaya na jiki, ɗaya a wanke a shafe da mai a ajiye, domin a lokacin hunturu duk mako ake canzawa.