Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Raddi Ga Masu Cewa Asibitin Ƙetare Ya Fi Na Gida

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, har ba a neman hujja a kanta. In aka ji wane ya samu zama a ƙasar waje, sai a ce, "Ai shi ya huta, ko ba komai ya rabu da asibitocin nan namu." In ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, shawarar farko ita ce a fitar da majinyaci waje. Mai hali ya nufi Masar ko Indiya ko Dubai. Talakan Jibiya kuwa wajensa ba nisa, Maraɗi ce, ya yi sammako ya isa kafin hantsi. Kwanakin baya a tashar Magama na ji wani dattijo yana ce wa ɗan ƙanensa, "Kai dai yaro, ka tsallaka da ita. Can ko baƙo ne kai, sun fi mu sanin darajar ɗan Adam." Ban tanka ba, don ba a katse babba. Amma maganar ta biyo ni har gida. Abin da zan faɗa a nan, in Baba zai yi mini uzuri, ƙarashen zancensa ne.

Da farko dole in yarda cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk wanda ya taɓa jinya a gida ya san yadda ake miƙo maka takarda ka sayo safar hannu da sirinji da ledar ƙarin ruwa kafin a taɓa ɗan'uwanka. Ya san yajin aiki, ya san ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Can tsallake kuwa, tun zamanin Shugaba Tandja Mamadu, wajen 2006, Nijar ta kafa dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, da yi wa mata tiyatar haihuwa kyauta. Ƙungiyar likitocin sa kai ta MSF ta daɗe tana jinyar yara masu tamowa a Madarunfa da Ɗan Isa, kuma iyaye mata daga ƙauyukanmu sun yi ta tsallakawa da 'ya'yansu suna dawowa da su da rai. Ga asibitin Danja a kan hanyar Maraɗi, ga na Galmi da aka kafa tun 1950, dukansu sun sha karɓar 'yan Najeriya. Sannan manyanmu ma ba su bar mu da wani zato ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi jinya a Jidda daga Nuwamban 2009 zuwa Fabrairun 2010. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi fiye da kwana 100 a jere a Landan cikin 2017, a can kuma ya cika ranar 13 ga Yulin 2025. Allah Ya jiƙansu. Dukansu 'yan jihar Katsina ne. To in sarki ya ƙi shan ruwan rijiyar gari, wa zai ga laifin talaka in ya ce rijiyar ba ta da kyau?

Duk da haka, ina roƙon mai wannan ra'ayi ya zo mu tsaya a bakin shingen Magama na wuni guda, mu dubi motocin da ke wucewa. Zai ga mace da goyo ta nufi arewa, haka ne. Amma zai kuma ga mota ta fito daga Maraɗi, an kwantar da kujerar gaba, an jingina wani tsoho da matashin kai, ga buta, ga tabarma, ga kwanukan abinci a ɗaure. Ina za su? Katsina, ko Kano. Wasu Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wasu na Malam Aminu Kano, inda aka fara dashen ƙoda tun 2002, wasu asibitin ido na ECWA da ya yi suna tun zamanin Turawa. Mata masu yoyon fitsari daga ƙasashen biyu sun san sunan Babbar Ruga, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya kwashe shekaru yana aiki yana koyar da namu. Tambayi ɗan rakiyar tsohon nan dalilin tafiyarsu, zai ce maka, "Ai likitar Najeriya ta fi tamu kayan aiki." Kowa na hangen gidan maƙwabci. In dai ƙetare ne magani, to mu ma ƙetaren wasu ne.

Sai mu tambayi kanmu, mene ne ainihin abin da uwar nan ta samu a Madarunfa da ba ta samu a gida ba? Ta tarar da ma'aikaci a bakin aikinsa. An auna damtsen yaron da tsiri mai launi, an ɗora shi a kan sikeli, an ba ta abincin gyaɗar nan na leda, an rubuta mata ranar dawowa, ba a karɓi ko dala ba. Wannan duk wani ne ya biya, wani ya tsara, wani kuma yake bin sawu ya ga an yi. Da MSF ta buɗe irin wannan aiki a jihar Katsina a 2021, har da ƙaramar hukumar Jibiya, sai ga kulawar nan ta bayyana a wannan ɓangaren shingen. Ƙasar ba ta sauya ba, ma'aikatan kuma galibi 'ya'yanmu ne da suka fito daga makarantunmu. Kuma ko wannan bai isa ba, don ƙungiyar da kanta ta ce yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata 6 na farkon 2025, saboda yunwa ta yi yawa, tallafi ya ja baya, ana kuma kawo yaran a makare. Ita ma kyautar Nijar ta sha yin tangal-tangal, don gwamnati kan yi jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe. In magani ya ƙare a likita, wato asibiti a bakin mutanen can, sai majo, babban ma'aikacin jinya, ya rubuta maka ordinas, wato takardar magani, ka nufi farmasi da sefarka.

Wannan ke nan ga mai zuwa ya dawo. Shi kuwa wanda ya tare a ƙasar wasu, wanda muke cewa ya huta, ba kyawun ginin asibiti ne ke yanke masa hukunci ba tukuna. Kafin ya ga likita sai ya wuce wasu ƙofofi.

Ta farko takarda. A Saudiyya maniyyaci kan samu kulawa kyauta lokacin aikin Hajji, shi ya sa alhazanmu ke dawowa da yabo, kuma yabon gaskiya ne. Amma mazaunin ƙasar da inshora yake ganin likita, inshorar kuma tana rataye da igama, wato takardar izinin zama. Ina da wata gwaggo da ta yi shekaru a Jidda tana aikatau ba igama. Ciwon suga ya kama ta. Asibitin da muke gani a hoto muna santi, kullum ta gabansa take wucewa, ba ta taɓa taka ƙofarsa ba, don tsoron kada a tambaye ta takarda a ƙare a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro gida. Sai ta aiki yaro kantin magani ya sayo mata irin ƙwayar da maƙwabciyarta ke sha. Da ta dawo gida, ƙafar ta riga ta ruɓe, a nan aka yanke mata yatsu biyu. Duk shekarun nan mu a gida muna cewa gwaggo tana ƙasar da ba a wahalar asibiti.

Ta biyu aljihu. A Birtaniya, akasarin masu neman bizar zama ta fiye da wata 6 sai sun biya kuɗin lafiya tun kafin su taka ƙasar. Daga Fabrairun 2024 kuɗin ya kai fam 1,035 a kowace shekara ga babba, ɗalibi kuma fam 776. Bayan ka biya sai ka bi layi, kuma layin masu jiran aiki a asibitocin Ingila ya haura miliyan 7. In layi ya zo kanka, kada ka yi mamaki in likitan da zai duba ka a Zariya ko Ibadan ya yi karatu. A Amurka kuwa wanda ba shi da inshora, kwana ɗaya a gadon asibiti na iya cinye abin da ya tara a shekara. Ko nan kusa, tun da darajar naira ta faɗi a 2023, jaka ɗaya ta sefa ta yi wa ɗan Jibiya nauyin da ba ta taɓa yi ba. Abin da shugaban ƙasa ya samu a Landan, direban tasi ɗan Katsina da ke birnin ba shi yake samu ba.

Ta uku harshe. A nan ɗan Jibiya ya yi sa'a, don a Maraɗi da Hausa zai faɗi inda ke masa ciwo, da Hausa za a amsa masa. Amma takardar da Faransanci za a rubuta ta. Na taɓa tsayawa a wani kemis ina kallon mai shago yana juya irin wannan takarda, ya dubi gaba ya dubi baya, daga bisani ya ɗauko wani kwali ya ce, "Ina jin dai wannan ne." Da "ina jin" aka ba yaro magani. To ina ga wanda ke kwance a Indiya, wanda duk abin da ke tsakaninsa da likita sai ya bi ta bakin tafinta, tafintan kuma wani lokaci shi ne dillalin da ya kawo shi?

Ta huɗu ita ce wadda muka fi mantawa da ita, wato ɗan jinya. A wurinmu majinyaci ba ya kwana shi kaɗai. Akwai mai juya shi, mai dama masa kunu, mai rugawa ya kira nas, mai ba da jini in an nema. Baƙo a ƙasar wasu, sau da yawa waya ce kaɗai danginsa.

Akwai kuma abin da mutanen Jibiya suka fi kowa sani: shinge na rufuwa. An rufe shi a Agustan 2019, ba a buɗe na Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake garƙame shi har Maris na 2024, kuma a tsakanin nan magunguna sun yi ƙaranci a Nijar ɗin kanta. Ciwo bai san an rufe iyaka ba. Mai tarin fuka da ke buƙatar shan magani wata 6 ba fashi, da mai hawan jini, da wadda aka yi wa aiki aka ce ta dawo a duba ɗinki, duk sai dai su hau babur su bi ta ɓarauniyar hanya, a dajin da kowa ya san abin da ke cikinsa, ko su haƙura. Lafiyar da aka rataye a kan shingen da wani ke riƙe da makullinsa, aro ce.

Ban ce kada a tsallaka ba. In abin da ake nema yana can, a je, neman magani ai umarni ne. Amma kafin a sayar da gona ko a kaɗa shanu kasuwa, a tambaya: wane aiki ne takamaimai za a yi can da ba a yi a Katsina ko Kano? Nawa ne kuɗinsa tun daga kati har sallama? Wa zai zauna da majinyaci? In an dawo, wane likita zai ci gaba da dubawa, kuma zai iya karanta takardun? 'Yan'uwanmu mazauna ƙetare, don Allah ku riƙa faɗa mana gaskiyar abin da kuke biya da layin da kuke bi, kada hotunanku kaɗai su yi magana. Hukumomin lafiya na Katsina da Maraɗi kuma, tunda jama'arku ɗaya ce kuma ciwonsu ɗaya, me zai hana a yi takardar tura majinyaci da za a iya karantawa a ɓangarorin biyu?

Baba, ka yi gaskiya da ka ce an karɓi namu hannu bibbiyu a can, Allah Ya saka musu da alheri. Sai dai abin da ya warkar da su ma'aikaci ne da aka biya shi haƙƙinsa, da magani a kan kanta, da mai sa ido. Waɗannan ba su da fasfo. In mun matsa wa waɗanda muka zaɓa suka samar da su a Babban Asibitin Jibiya da ƙananan asibitocin ƙauyukanmu, jikarka ba za ta buƙaci tsallaka shinge da goyo a bayanta ba.