Ɗaga Ƙarfe A Gida: Kayan Da Za Ka Fara Saya Da Yadda Za Ka Haɗa Su

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowane baligi ya riƙa motsa jikin da ke ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Amma kuɗin rajistar gidajen motsa jiki da nisan hanya kan sa mutane da yawa su gwammace ware wani ɗaki ko gareji a gida. Inda ake samun matsala shi ne wajen sayen kaya: mutum ya ga hoto a Jumia ko Jiji ya yi oda, kaya su iso su ƙi shiga juna, ko su shiga amma su zama haɗari. A wannan harka, awo da tsaro su ne gaba da kyan kaya.

Fara da sandar ƙarfe

Sandar da ake zura faifan nauyi a bakinta, wadda 'yan kasuwa ke kira barbel, iri biyu ce. Akwai ta Olamfik: ta maza nauyinta kilo 20, tsawonta mita 2.2, ta mata kuma kilo 15. Kaurin bakinsu milimita 50 ne. Akwai kuma ƙarama mai araha, wadda bakinta kusan milimita 25 ne. Faifan ƙarama ba ya shiga ta Olamfik, na Olamfik kuma a kan ƙarama sai ya riƙa rawa. Saboda haka ka tsayar da iri guda tun farko, duk abin da za ka ƙara daga baya ya bi ta.

Ka kuma duba ma'aunin da aka rubuta a jikin faifan. Kayan gwanjo da ke zuwa daga Amurka da laba ake auna su, kuma laba 45 kilo 20.4 ce. Idan ka sa mai kilo a gefe guda, mai laba a ɗaya gefen, sandar ba za ta daidaita ba. Faifan gasa kuwa launi ke nuna nauyinsu: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10.

Kejin da ke ceton rai

Mai ɗaga ƙarfe a gida galibi shi kaɗai ne, babu mai karɓe masa nauyi idan ƙarfinsa ya ƙare. Wanda ke kwance a benci yana tura sanda daga ƙirji, idan hannu ya gaza, a ƙirji ko maƙogwaro za ta sauka. Wannan ne amfanin kejin ƙarfe mai ƙafa huɗu, wanda ake kira rak. Yana da sandunan tsaro guda biyu da ake sakawa ƙasa kaɗan da inda nauyi ke tsayawa, don su tare shi. Masu ƙwari ana yin su da bututun ƙarfe mai inci 3 a kowane gefe, kaurin jikinsa kusan milimita 3.

Kafin ka biya kuɗi, ɗauko tef ka auna ɗakin. Sanda mai mita 2.2 tana buƙatar faɗin kusan mita 3 don ka samu wurin zura faifai. Yawancin kejin sun haura mita 2 a tsayi, don haka ka lura da silin da fanka. A shimfiɗa tabarmar roba mai kauri, domin tayil ba ya jure faɗuwar ƙarfe.

Wajen haɗawa, kada ka ɗaure noti ko guda tamau sai dukkansu sun shiga muhallinsu. Idan kejin ya tsaya daidai ba ya jirga, sai ka bi su da sifana ɗaya bayan ɗaya. Bayan mako biyu ka sake bin su, domin jijjiga na kwance su.

Na mai walda fa?

Ƙwararren mai walda zai iya ƙera benci da keji a kan kuɗi ƙasa da na kanti, muddin ka ba shi awo a rubuce kuma bai yi rowar ƙarfe ba. Ka gwada sandunan tsaron da nauyi kafin ka shiga ƙarƙashinsu. Shi kuwa nauyin siminti da ake zubawa a gwangwani, girmansa kan kai ninki uku na ƙarfen da ya yi daidai da shi a nauyi, yana tsagewa, kuma da wuya a samu biyu masu nauyi ɗaya sai an ɗora a sikeli.

Kayan zamani

Ga mai ƙaramin ɗaki, akwai dambel da ake sauya wa nauyi. BowFlex SelectTech 552, alal misali, da murɗa maɓalli yake tashi daga kusan kilo 2 zuwa 24. Sai dai a watan Yunin 2025 hukumar kula da amincin kayan masarufi ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye fiye da miliyan 3.8 na samfurin 552 da 1090, saboda faifansu na iya zamewa ana tsakiyar ɗagawa. Mai sayen gwanjo ya yi hattara da wannan.

Akwai kuma na'urori irin su Tonal, da ake kafawa a bango suna samar da nauyi ta hanyar lantarki da maganaɗisu. Suna buƙatar wuta da intanet da kuɗin wata-wata, abin da ya sa ba su dace da inda wuta ke wasan ɓuya ba. Fasahar da ta fi amfani tana cikin wayarka: manhajoji kamar Hevy da Strong suna adana nauyin da ka ɗaga kowace rana, ka ga ci gabanka a fili.

A taƙaice, fara da sanda da faifai, sai keji da benci, sauran su biyo baya sannu a hankali. Ka riƙa goge ƙurar hunturu, ka shafa ɗan mai a damina don gudun tsatsa, ka kuma kulle ɗakin saboda yara. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tuntuɓi likita kafin ya fara.