Kafin ka zuba garin "nano" a tankin injinka

Daga Kiru zuwa Doguwa, tarakta da injin niƙa da manyan motocin da ke kwasar masara su ratsa dajin Falgore, dukansu da man gas suke aiki. Tsadarsa ta sa kowa ya kasa kunne ga duk abin da aka ce yana rage kuɗin mai.

Ɗaya daga ciki shi ne man gas na tsirrai, wanda ake sarrafawa daga man cini-da-zugu ko waken soya ko manja. Ba sabon abu ba ne, don tun a 1900 aka nuna injin dizal mai aiki da man gyaɗa a birnin Faris. Sai dai ya fi gas na fetur kauri, ƙarfinsa kuma bai kai ba. Shi ya sa masana ke gwada barbaɗa masa ƙurar sinadarai irin su seriyom da alminiyom, mai laushin da silin gashi ya fi ƙwayarta kauri sau dubbai. Ita ake kira "nano". Tana sa mai ya ƙone sosai, baƙin hayaƙi ya ragu. Kamfanin bas na Stagecoach a Birtaniya ya yi amfani da wani nau'inta mai suna Envirox.

To amma abin da ake zubawa ɗan mitsitsi ne, galibi bai wuce giram ɗaya a lita goma ba, kuma da na'ura ake gauraya shi. Ba aikin cokali ba ne. In man ya jima a jarka, ƙurar sai ta dunƙule ta kwanta kamar ƙullun koko a gindin roba. Ka juye a tanki, filta ta toshe, ramin nozul ya cushe, famfon mai ya fara cinyewa. Injin ya riƙa tari yana mutuwa ana tsakar sussuka, kuɗin bakanike ya haɗiye ɗan abin da ka tsimanta. Ƙurar da ta biyo hayaƙi kuwa, mai niƙa a rufaffen shago shi zai shaƙe ta har huhu.

Saboda haka in an kawo maka kwalba ko ƙullin gari a kasuwa ana cewa maganin shan mai ne, nemi sunan kamfani da shaidar hukumar tabbatar da ingancin kayayyaki ta SON, ka kuma tambayi bakanikenka. Wanda ba shi da takarda, bar shi a hannun mai shi. Haka ɗanyen man gyaɗa ko manja: in ba a sarrafa shi ba, kada ya shiga tanki.